Gwajin Bulo, Gwajin Harshe

Mahaifina maƙerin tukwanen alminiyom ne a Ibadan. Alminiyom ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, saboda haka kuɗin gawayi ne ke cinye ribarsa. Ganin haka, yayana mai karatun injiniya ya ƙudurta gina masa tanderu da bulon yumɓu wanda aka cuɗa da garin katako. Idan aka gasa bulon, garin yakan ƙone ya bar ƙananan ramuka cike da iska, ita kuwa iska ba ta saurin miƙa zafi.

Lokacin hutu na raka shi ɗakin gwaje-gwaje. Ya sa siririyar waya tsakanin bulo biyu, ya sakar mata lantarki kaɗan, yana lura da ma'aunin zafi. Idan zafin wayar ya hau da sauri, bulon ba ya kwashe zafi ke nan, wato mai kyau ne. Sakamakon farko ya faranta mana rai. Amma malaminsa ya ce a sake gwajin cikin tanderu, a digiri 800. Muka yi awoyi muna jira zafin ya daidaita. Abin mamaki, zafin da ke ratsa bulon ya ƙaru. Dalili kuwa, idan wuta ta tsananta, zafi yakan tsallake ramukan kamar yadda hasken rana ke ratsa sarari, musamman idan ramukan manya ne. Dole yayana ya tankaɗe garin katakon ya sake yin bulo.

Da muka koma gida, dattijon Bahaushen da ke sayar mana da gawayi ya tambaye ni, "Ɗana, me yayanka ke aunawa?" Ni da nake alfahari da makina a darasin nahawu, sai na kama in'ina, kalma ta gagare ni. Da na gama kame-kame ya yi murmushi ya ce, "Wato yoyon zafi yake aunawa."

Ran nan na gane cewa Hausata a sanyi kawai aka gwada ta, kamar bulon farko. 'Yan'uwana ɗalibai, aji na da amfani, amma mu fita kasuwa da maƙera mu saurari masu harshen. Hausawa na cewa, gani ya kori ji.