Daga Kasuwar Fataskum Zuwa Kwalekwalen Tafkin Chadi

Garin Fataskum da ke Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu da manyan motocin dakon kaya, kuma babu teku ko babban kogi kusa da shi. Amma duk wanda ya ratsa layin masu banda a kasuwar garin zai ji ƙamshin Tafkin Chadi, domin ta kan wannan hanya kifin tafkin ke bi zuwa Kano da Jos da ƙasashen Kudu.

Mai son ganin mafarin wannan kifi sai ya nufi gabas, ya wuce Damaturu ya isa Maiduguri, tafiyar kimanin kilomita 230. Daga nan sai ya yi arewa maso gabas ta Monguno har Baga da Doron Baga, watau wajen wasu kilomita 200. A nan ne Hausawa da Barebari da Buduma suka daɗe suna zaman su.

Cikin masuntan akwai mai fita shi kaɗai. Kwalekwalensa shi ne ɗakinsa, shi ne kuma rumbunsa. A ciki yake ajiye koma da ƙugiyoyi, da tukunya da gari da tabarma. Da yake tafkin ba shi da zurfi, galibi da doguwar sanda yake tura jirgin, sai inda sanda ta kasa taɓa ƙasa ya ɗauki filafili. Ba ya yin nisa da tsibirai, gama idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ruwan kan yi toroƙon da zai iya kifar da ƙaramin jirgi. Shi ne matuƙi, shi ne mai kwarfe ruwa, shi ne mai kiyaye dorina da rana da sauro da dare. In ya kama tarwaɗa ko karfasa, dole ya gaggauta kai su wurin banda, don zafin rana ba ya jira.

Gwanintar mutanen tafkin ta taɓa kaiwa har babban teku. A 1969 wani Bature ɗan ƙasar Norway mai suna Thor Heyerdahl ya ɗauko Buduma daga ɓangaren Chadi zuwa Masar, suka ɗaure masa jirgin ciyawar ruwa irin nasu na gado, amma babba, wanda iska ke turawa. Aka sa masa suna Ra. Ya tashi daga Safi ta ƙasar Maroko da mutum 7, cikinsu har da Abdullahi Jibrin mutumin Chadi, ya ci kimanin kilomita 5,000 cikin Tekun Atlantika kafin ya lalace.

To, amma tafkin kansa ya ga jarraba. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, masunta suka riƙa bin sa daga tsibiri zuwa tsibiri. Bayan haka sai rikicin Boko Haram. A watan Janairu na 2015 aka far wa Baga, dubban mutane suka yi hijira, sojoji kuma suka hana fataucin kifi na wani lokaci. Abin ya taɓa direba da dillali da mai miya, har a Fataskum.

Saboda haka mai karatu, in ka tsaya taya banda ka ji ta yi tsada, ka tuna da mutumin da ya kwana shi kaɗai a kan ruwa kafin ta iso hannunka. Allah Ya ba ƙasar tafki zaman lafiya da damina mai albarka, amin.