Ranar da aka ba ni makirfo

Duk wanda ya taɓa zama a Jimeta cikin watan Afrilu ya san zafin da nake nufi. To a irin wannan zafin muka yi ranar al'adu, a zauren da ko rabinmu ba zai ɗauka ba. Har kan tagogi mutane suka hau.

Ni aka ba makirfo, wai don ina jin Fillanci kaɗan-kaɗan. Aikina in kira kowace ƙungiya, in faɗa mata lokacin shiga da na fita. Jama'a, Adamawa fa sai a hankali. Ƙananan hukumomi 21, kowa ya zo da gangarsa: Fulani, Bachama, Chamba, Kilba, Margi. Ka rage wa wasu minti biyu, gobe ka ji an ce ka nuna bambanci.

Rigimar ta taso ne da aka zo kan 'yan Numan. Ashe a filin ƙwallo suka yi atisaye, da'ira guda babba, ga shi abin da ya rage gaban manyan baƙi bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Shugabansu ya raɗa min: "Malam, ko a ba mu wuri ko mu fita." Na san in suka fita, ba ƙarancin wuri za a ce ba.

Sai na roƙi ɗaliban da ke sahun gaba suka ɗauke kujerunsu a ka. Na raba masu rawar layi biyu suna fuskantar juna, bibbiyu su ratsa tsakiya su koma baya. Na ce wa makaɗin ya sassauta, ya harare ni, amma ya yi. Ni kuma ina ta ihu: "Na gaba ku shige! Na baya ku matso! Kada a buɗe hannu!" Daga baya na ga bidiyon wata rawar Amurka mai layi biyu, da mutum guda yana kiran motsi. Wallahi dariya na yi, ashe sana'a ce.

Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya fita. Sai dai jan kujerun ya cinye lokaci, 'yan Margi suna shiga aka kira magariba. Na je har ɗakin shugabansu na ba shi haƙuri da dasasshiyar murya. Har yau in na gaishe shi, hannu kawai yake ɗaga min.