Shekara biyu muna cewa olsa ce

Masu tambayar ina na shige tun semistar farko, ga amsa yau.

Baffana ne ba lafiya, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ke biya min kuɗin mastas ɗin nan a NSUK. Shekara biyu yana shan maganin olsa daga wani kemis a garinmu, ga kanwa, ga jiƙe-jiƙe. Sai ya fara ƙoshi da loma uku, bayan gida ya koma baƙi, wandonsa na zamewa. Na kawo shi Keffi, aka tura mu Abuja, aka zira masa kyamara ta maƙogwaro. Kansar tumbi.

An yi tiyata, an cire kashi biyu cikin uku na tumbin. A gida har an yi sadaka, wai an gama. Ni ma haka na ɗauka, sai da likita ya zaunar da ni da takardar sakamako ya ce aikin yanzu ya fara.

Ya ce wajen duba ko mutum zai yi shekara biyar bayan aiki, babu abin da ya kai matakin da aka kama cutar. Idan tana saman fatar tumbi, yawanci ana warkewa. Idan ta huda bango ta shiga kaluluwar da ke kewaye, lissafi ya canja, kuma kowace kaluluwa da ta kamu tana rage fata. Na Baffa an ciro 19, uku sun kamu. Abin da ya sanyaya min rai, gefen da aka yanka babu sauran cutar. Saboda ukun nan ne dole a yi kemo, kuma ya gargaɗe ni cewa mutanenmu da yawa a nan suke tsayawa: su ga ɗinki ya warke, kuɗi ya ƙare, su daina zuwa. Mun sayar da bijimi biyu. Ni kuma na ɗage semista, kada ku ce supabaiza ne ya kore ni.

Wallahi abinci ya fi kemo ba mu wuya. Mutumin da ya saba da malmala biyu ta tuwo, yanzu sau shida a rana, kaɗan-kaɗan. Ranar da ya sha koko da sukari da yawa, gumi da jiri suka kwantar da shi. Ga allurar B12, ga maganin ƙarin jini. Da azumi ya zo ya ce sai ya yi. Na ce, "Baffa, likita fa ya hana." Ya ce, "Likitan ne zai amsa min tambaya gobe kiyama?" Sai da limaminmu ya zo da kansa ya yi masa bayanin rangwamen mara lafiya, sannan ya haƙura.

Dare da yawa na yi ina karatu a waya. A Koriya ta Kudu, daga shekara 40 ana yi wa mutum gwajin kyamarar nan duk shekara biyu, shi ya sa sama da kashi 60 cikin 100 na masu cutar a can ke wuce shekara biyar. Kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa ƙwayar H. pylori, mai haddasa yawancin olsa, cikin abubuwan da ke jawo kansa. Tana yawo a cikin iyali ɗaya. Na je na yi gwajin bayan gida, ina da ita, na sha magani na kwana 14.

Shi ne nake kallon ɗakunanmu a Angwan Lambu. Kusan kowa da kwalbar farin maganin olsa kusa da katifa, ana kurɓa lokacin jarrabawa kamar kunu. Abokin ɗakina shekara uku yana haka, bai taɓa gwaji ba. Na san a shekarunmu kansar ba ta cika zuwa ba, amma iyayenmu fa? Wanda babansa ko mamarsa ke ramewa, ko amai, ko baƙin bayan gida, a daina aika musu magani daga kemis, a kai su asibiti a nemi gwajin kyamarar.

Baffa ya ƙara kilo biyu a watan nan. Ranar Talata za mu koma Abuja ɗaukar hoto. Ku sa shi a addu'a. Wanda kuma ke da handawut ɗin Research Methods na semistar da ta wuce, don Allah ya taimaka min.