Birkin Keken Kaka

Mu biyu muka gaji keken kakanmu, tsohon Raleigh ƙirar Ingila. Komai nasa lafiya, ban da birki. Da silifas muke tsayar da shi, har ranar da muka kusa shigewa ƙarƙashin tifa a hanyar makaranta.

Muka zaga kasuwa. Birkin kekunan yanzu na waya ne, namu kuwa sandar ƙarfe ce ke jan roba ta matse rim. Babu wanda ya dace. Wani dattijo mai gyara ya duba, ya ce, "Samari, ai robar ce kawai ta cinye." Ya ciro wata daga mataccen Phoenix, ya ɗaura.

Tun ranar, ba ma hawa sai mun gwada birki.