Hanyar Madarumfa da Keke a Watannin Sauro

Daga Maraɗi zuwa Madarumfa kilomita 20 ne da ɗoriya, in an yi kudu. Da rani babu abin ba da labari a kan hanyar sai ƙura da rana. Amma in damina ta zauna, wajen watan Agusta, sai ƙasar ta sake kama gaba ɗaya. Hatsi ya wuce kan mutum dama da hagu. Gulbin Maraɗi da ya yi watanni yana yashi ya kawo ruwa daga wajen Jibiya, na Gabi ma ya kawo nasa, tabki ya cika har ya shiga gindin itatuwa. Gawo ne kaɗai ke tsaye ba ganye, don shi da damina yake zubar da nasa. Ƴan uwana na Tawa da Damagaram da Yamai, in Allah ya kawo ku Maraɗi a wannan lokaci, ku roƙi a kai ku ku gani. A kewayen tabkin nan ne ake cewa akwai kaburburan waliyyai 99, kuma har yau ana zuwa ziyara.

Da keke nake bin hanyar in zan zagaya ƙungiyoyin asusu na wajen, kuma ba ni kaɗai ba ce a kanta. Samari na ɗauko zogala daga fadamar Jiratawa, buhu a baya buhu a gaba. Masu kifi na fitowa daga bakin tabki da tarwaɗa. In Oktoba ta kama, ga ƴan kwaleji maza da mata. Da yawansu ɗiyanmu ne, wasu kekunan ma da bashin asusu aka saye su. Shi ya sa a wajen zubi ake yawan tambayata batun man nan na shafawa da ake cewa yana korar sauro: yana aiki kuwa? Ba ya cutarwa? Ya ci kuɗinsa?

Abin da hanyar ta koya mini shi ne, sauro ba ya cim ma mai keke. Tashinsa bai fi kilomita 2 a awa ba, ke kuwa ko a gajiye kike kina yin 10. Muddin ƙafa na juyawa, iskar tafiya kaɗai ta ishe ki. Inda za ki tsaya yake jira. Kuma a hanyar nan dole a tsaya: inda yashi ya cika sai an sauka an tura, inda ruwa ya yanke hanya sai an ɗage zane an ratsa, ga ƙaya da ke fasa taya a zauna jiran mai faci. Mafi muni shi ne kurmin bakin tabki, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ƙasa ke jiƙe kuma iska ba ta ratsawa. Wuri ne mai daɗin hutawa ƙwarai, mutum ya jingine keke ya sha fura, ya jira masunta su fito. Ga jiki ya yi zafi, ga zufa, ga numfashi sama-sama, kuma waɗannan su ne ke kiran sauro daga nesa. Akwai wani mai zanen fari a ƙafafu da ke cizo da rana tsaka a inuwa. Amma wanda ke kawo masassara, shi daga faɗuwar rana yake fara aiki har asuba, kuma ya fi son ƙafa da idon sawu.

To, man korar sauro an yi shi ne don waɗannan tsaye-tsayen. Ba ya kashe sauro, rikita shi yake yi ya kasa sauka a fata. A farmasi za ki ga an rubuta répulsif a jikin kwalba, da Faransanci. Kada ki tsaya kallon hoton sauro da aka zana, juya bayan kwalbar ki nemi sunan abin da ke ciki. Sunaye uku ne aka fi gwadawa aka tabbatar: DEET, da Icaridine, da IR3535. Wadda ba ta yi yaƙi da jahilci ba, ta sa ɗiyarta ta rubuta mata su a takarda ta miƙa wa mai farmasi.

DEET shi ne tsohon cikinsu. Don sojojin Amurka aka fara yin sa, aka sake shi ga jama'a a 1957, tun daga nan ake shafa shi ko'ina a duniya. Kusa da sunan akwai lamba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Lambar tana faɗin tsawon lokacin da zai yi yana aiki ne. Mai kashi 10 cikin 100 yana ɗaukar kamar awa 2, mai kashi 30 kamar awa 5, abin da ya wuce kashi 50 kuwa ba ya ƙara wani abin kirki sai tsada. Wannan lissafi na mai zaune ne. Mai tuƙa keke a zafin Satumba zufa na wanke mata shi tun lokacin bai cika ba, in kuma ta ratsa ruwa, na ƙafa ya tafi ke nan. A ganina ɓarna ce a shafa shi tun daga gida da hantsi, a ƙone shi a kan kwalta inda ba sauron da zai taɓa ki. A sa kwalbar a jaka, in an kusa tabki ko la'asar ta yi sanyi sai a shafa.

Akwai wani halin DEET da ya shafi masu keke musamman: yana cin roba da leda. In kika shafa kika kama hannun keke ba ki goge tafinki ba, robar za ta yi danƙo. Haka yake ɓata sirdi, da gilashin roba, da jikin salula, da wasu yadudduka masu santsi. Atamfa ta auduga ba ya yi mata komai. Icaridine ba shi da wannan hali, ba shi da wari sosai, kuma mai kashi 20 yana kai wa inda DEET ke kaiwa. In na samu biyun a farmasi, shi nake ɗauka.

Wajen shafawa, fatar da ke waje kaɗai ake bi: ƙafa, ƙwauri, bayan hannu, wuya in a buɗe yake. Ba a sa shi ƙarƙashin tufafi, ba a sa shi kan ciwo ko ƙuraje, haka fatar da man bilicin ya cinye. Ba a fesa shi a fuska, a hannu ake zubawa a shafa kumatu, nesa da ido da baki. Goshi kuwa ki bar wa kallabi da hijabi, don zufa za ta gangaro da shi cikin ido kina tsakar tuƙi. A wanke hannu kafin a taɓa abinci. Na fesawa yana kama wuta, kada a matsa shi kusa da masu suyar kifi. In an dawo gida a wanke da sabulu.

Masu ciki sun fi kowa tambaya, kuma da gaskiyarsu, tunda masassara ta fi yi musu illa. A ƙasar Tailan an bi mata masu ciki kusan 900, daga wata na huɗu zuwa sama, rabinsu na shafa DEET mai kashi 20 kullum, aka fitar da sakamakon a 2001: ba a ga wata illa ga jariran ba, har suka shekara. Mai shayarwa ma tana iya shafawa, amma ban da ƙirji, kuma ta wanke hannu kafin ta ɗauki yaro. Jaririn da bai kai wata 2 ba, ba a sa masa ko ɗigo, rufe shi ake yi. Wasu kwalaben sun rubuta daga wata 6, wasu daga shekara 2, sai a bi abin da kwalbar ta ce. Yaro ba a ba shi ya shafa da kansa, ba a sa masa a tafin hannu (kun san inda hannun yaro ke zuwa), kuma kada nasa ya wuce kashi 30.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. A wata ƙungiya wata uwa ta ce mana ɗanta in zai kwana gadin gona yakan ɗiga piya-piya a ruwa ya shafa a ƙafa, wai sauro ba ya kusantar sa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Piya-piya da magungunan feshin gona guba ne na kisa, kuma ta fata suke shiga jini ba sai an sha ba. Alamarsu miyau ya yi ta zuba, zufa, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya. Duk abin da aka rubuta insecticide a jikinsa ba na jikin mutum ba ne. In ya zuba wa wani, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu sosai, a kai shi likita tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jira.

Namu na gida fa? Hayaƙin ganyen dogon yaro ko na daddoya yana rage sauro a tsakar gida, ban musa ba, haka igiyar leko. Sai dai hayaƙi ba ya bin ki a kan keke. Mayukan da ake yi da ciyawa mai ƙamshin lemun tsami suna kora, amma ƙarfinsu na tashi da wuri, sau da yawa kafin awa guda. Abin da ya fi su duka bai da tsada: wando mai faɗi ƙarƙashin zane, safa, da riga mai dogon hannu mai haske. Matsattsen wando na roba da ƴan mata ke so yanzu, sauro na huda shi kamar babu. Safa kuma na taimakawa wajen kaska, in an bi ciyawa inda shanu ke kiwo, amma duk da haka a duba jiki da dare. Zuma da zirnaƙo ba ruwansu da man korar sauro. Hangara ma haka, in ta faɗo miki a wuya hure ta za ki yi, kada ki murje ta, ruwanta ne ke tayar da fata.

Batun kuɗi, ba zan ce kowace ta saya ba. Wadda ɗanta ke fita da safe ya dawo kafin la'asar, ta riƙe kuɗinta ta gyara masa taya. Wanda aikinsa ke kai shi magariba a bakin tabki ko fadama, mai jiran kifi ko mai ban ruwa, shi kam ya cancanta, don kwana biyar a kwance lokacin girbi ya fi kwalba tsada. Mata biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. A saya a farmasi a duba ranar lalacewa, kada a ɗauki wadda ta sha rana a tiren masu talla. Kuma ba ya maye gurbin sange: yawancin cizon da ke kawo masassara cikin dare ake yin sa, a kan shimfiɗa.

Ni dai ƙa'idata, ƙarfe huɗu ta same ni na bar bakin ruwa, tunda a Satumba wajen shida da rabi rana ta faɗi, ga awa biyu na tafiya, ga abin da taya za ta iya yi. Ba sauro kaɗai ya sa ba. Gaba can wajen Gabi dajin Baban Rafi yake, inda iyayenmu ke samun itace da ganye, amma tun da ƴan bindiga suka addabi yankin ba na ba kowa shawarar shiga, da keke ko da ƙafa, balle dare ya same shi.

Wanda sauro ya ciza a hanya ba ranar yake kwantawa ba. Masassarar na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ta fito, lokacin an manta da tafiyar. In jikin yaro ya yi zafi, ko da ya shafa man kullum, a kai shi likita a ranar a yi masa gwajin jini na yatsa.