Tsutsar da na ce na sani

Ƙwarin nan masu launin toka da ke kewaya fitila da daddare, waɗanda muke yi wa kuɗin goro mu ce faɗa-wuta, ba gida ɗaya suka fito ba. Dangi guda kaɗai daga cikinsu, wanda masana ke kira Noctuidae, yana da iri fiye da 11,000. A ido kusan duk ɗaya suke: jiki mai kauri da gashi, fiffike ruwan ƙasa ko ruwan toka, yini a ɓoye, dare a sama. Amma 'ya'yan da suke haifa, wato tsutsotsin da ke cin amfanin gona, kowace da abincinta, da lokacinta, da maɓoyarta. Na karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, na kuma koyar da shi. Duk da haka, a daminar 2017 na tsaya a gonar maƙwabcina na laƙaba wa wata tsutsa sunan da ba nata ba, kuma shi ya kwana a ciki.

Ina koyar da darasin aikin gona a wata sakandare a ƙasar Zazzau, inda masara ta zama ita ce cin gida, ita ce kuɗin makaranta, ita ce kayan ɗakin yarinya. Saboda aikina, mutanen unguwa kan kawo mini ganye ko ƙwaro su ce in duba. Maƙwabcin nawa sa'an mahaifina ne, Baba muke ce masa. Ya aiko yaro ya kira ni da sassafe, lokacin masararsa ta kai gwiwa.

"Malam, zo ka gane mini. Tun ina bin mahaifina gona ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba."

Na kalli ganyen daga tsaye, na ga huji, na ga ci, na yanke hukunci. "Baba, tsutsar kara ce. Kuma ga inda ta fito." Na nuna masa darnin karan dawa da ya kewaye bakin gonar da shi.

Abin da na faɗa game da tsutsar kara gaskiya ne, shi ya sa ya shiga kunne. Wadda muka fi sani a nan, Busseola fusca, 'yar wannan dangin ce. Tana fara ci a ƙoƙon masara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, don haka idan ganyen ya buɗe sai a ga ƙananan huji a jere. Daga nan ta huda kara ta shige, ta cinye zuciyar shukar. Da rani kuwa takan kwanta a cikin busasshen kara, ba ci ba motsi, sai ruwa ya sauka ta ƙarasa girma ta fito da fiffike. Wanda ya tara tsohon kara kusa da gona ya ajiye mata ɗaki ke nan. Duk wannan daidai ne, sai dai ba ita ce a gaban mu ba.

Baba bai yarda nan take ba. Ya ce, "Malam, tsutsar kara ai tsohuwar abokiyar gaba ce, na san ta. Waccan huji take yi a jere. Wannan yagar ganye take. Kuma dubi kashinta, ya cika ƙoƙon." Ya zaro wuƙa ya tsaga kara guda tun daga sama har gindi. Cikinsa fari fat, babu rami ko ɗaya. Hujja ke nan ƙarara a hannunsa, ni kuwa na ce, "Ba ta kai ga shiga ba ne tukuna." Ban durƙusa ba. Ban buɗe ƙoƙo ko guda na ciro tsutsar na ɗora a tafin hannu ba. Dattijo ya nuna mini alamu uku da suka saɓa wa maganata, na share su duka, don a zuciyata na riga na raba mu: ni mai littafi, shi mai fartanya. Na ce ya cire shukokin da suka fi lalacewa, ya ƙone darnin, ya ɗan saurara mu ga yadda ruwa zai yi da ita. Bayan Magariba na maimaita wannan a majalisa, mutane da dama suka ɗauka. Washegari Baba ya rushe darnin da ke tare masa awaki ya cinna masa wuta.

Wadda ke cin masarar baƙuwa ce, Spodoptera frugiperda, 'yar asalin yankunan zafi na nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a gonakin masara na kudu maso yammacin Najeriya, sannan a Benin da Togo da tsibirin Sao Tome, kuma masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA ne suka tabbatar da ko wace ce. Zuwa 2018 ta mamaye kusan duk ƙasashen kudu da Sahara, ta ɓulla a Indiya. A 2019 ta shiga Sin, a 2020 ta isa Ostireliya. Uwar tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka mata. Ba ta kwanciyar rani a cikin kara ko kaɗan, don haka darnin Baba bai ci ba bai sha ba.

Sai wanda ya san tafiyar rayuwarta zai gane girman abin da "ɗan saurara" ya jawo. Uwar tana zuba ƙwai a dunƙule a kan ganye, 100 zuwa 200 a wuri ɗaya, ta lulluɓe su da gashin cikinta, kuma a rayuwarta tana iya zuba sama da 1,000. Cikin kwana 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. Ƙananan suna kankare bayan ganye ne kawai, su bar fatar sama shara-shara ana hango haske ta ciki. A wannan ɗan lokacin suna fili, jikinsu ba ƙwari, ko ruwan sama mai ƙarfi yana wanke da yawa daga cikinsu, magani kaɗan ma ya ishe su. Daga nan su gangara cikin ƙoƙo. A can manya ke cinye ƙanana, shi ya sa da wuya ka tarar da fiye da ƙatuwa ɗaya ko biyu a shuka. Tana ci tana kasayarwa, kashin ya taru a samanta kamar jiƙaƙƙiyar dusar katako, ya zame mata rufi. Cikin kimanin mako biyu ta gama, ta sauka ƙasa ta shige rami mai zurfin santimita 2 zuwa 8, bayan kwana takwas ko tara ta fito da fiffike. Zagaye guda wata ɗaya ne a lokacin zafi. Ranar da Baba ya kira ni, akwai manya 'yan kaɗan, amma mafi yawan gonar ƙanana ne da ƙwai. Wannan makon ne na sa shi ya zauna.

Da ɓarnar ta ci tura, na ƙara kuskure a kan kuskure. Na ce a yi feshi, a kuma ƙara ma'auni tunda abin ya yi nisa. Ɗansa ya goya injin feshi da rana tsaka, ba takunkumi ba safar hannu, yana watsa magani a saman ganye. Tsutsar tana can ƙarƙashin rufinta, maganin bai same ta ba. Waɗanda ya samu su ne tururuwa da cinnaka da gizo-gizo da ƙananan zanzaro, waɗanda su ne ke cin ƙwanta da 'ya'yanta kyauta. Yaron ya dawo gida da jiri da amai. Allah ya taƙaita, ya warware, amma har yau idan na tuna shi kwance a zaure sai gabana ya faɗi.

Wani matashin malamin gona ne ya warware mana, ranar kasuwa. Ya buɗe ƙoƙon wata shuka da wani ya tugo, ya kakkaɓe tsutsar a hannunsa, ta naɗe jikinta. Ya ce mu dubi kanta: ga wani farin zane mai siffar harafin Y a kife, tsakanin idanu. Ya juya ta: kusa da wutsiya ga ɗigo huɗu baƙaƙe, sun yi murabba'i. Bai kai minti ɗaya ba. Alamun nan suna jikin kowace babbar tsutsa da ke gonar Baba tun ranar farko, tsakanina da su taku biyu ne da sunkuyawa.

Kunya ce ta mayar da ni karatun dangin nan na Noctuidae daga tushe, kuma abin da ya fi buɗe mini ido wasu 'yan uwansu ne da ba mu da su a nan. A Turai da Arewacin Amurka da yankunan Asiya masu sanyi akwai gidan da ake kira Lithophane. Fiffikensu siriri ne, suna manne shi da jiki, idan suka lafe a jikin itace sai ka ɗauka ɓawo ne ya ɗan tsage. Yawancinsu suna fitowa da fiffike ne lokacin da ganye ke zuba, sanyi na ƙaratowa, sai su ɓuya a ƙarƙashin ɓawo ko a tsagar katako su ci hunturu da ƙanƙararsa, ba sa yin ƙwai sai bazara. Haihuwa ɗaya ce a shekara. Tsutsar wata daga ciki, Lithophane antennata, koriya ce, tana huda ƙananan 'ya'yan tuffa a Arewacin Amurka, kuma masu lambu sun san lokacin da za su neme ta: daga buɗewar fure zuwa zubarsa. Wata kuma, Lithophane leautieri, ta saɓa wa 'yan gidansu, don a matsayin ƙwai take cin hunturu. A 1951 aka fara ganinta a tsibirin Wayit da ke kudancin Ingila, ta yi ta hawa arewa tana bin wani itace mai koren ganye shekara duka da mutane ke shukawa shinge a gidajensu.

Baƙuwar tamu kuwa ba ta jure ƙanƙara sam. A Amurka sai kudancin Fulorida da kudancin Tekzas take iya cin hunturu, kowace shekara ta sake tasowa arewa har Kanada. Dangi ɗaya ke nan, kama ɗaya a gaban fitila, amma Lithophane tana haihuwa sau ɗaya a shekara, baƙuwar tamu kowane wata. Tsutsar kara tana kwana a kara, Lithophane a ɓawo, baƙuwar ba ta kwanciya ko kaɗan. Duk wata shawara da za a ba manomi, ta ƙona kara ce, ta jira ce, ta feshi ce, a kan wannan bambancin take tsaye. Sunan da bai dace ba yakan zo da maganin da bai dace ba, kuma mai ilimin da ya yi kuskure ya fi wanda bai sani ba ɓarna, don shi ake saurara.

Na je na sami Baba a ƙofar gidansa, gaban waɗanda suka ji maganata ta farko, na ce, "Baba, kai ka gani daidai, ni na yi kuskure, kuma kuskurena ya jawo maka asara. Ka yafe mini." Ya ce, "Ba komai, Malam, haka Allah ya ƙaddara." Abin da ya girbe a shekarar bai kai rabin abin da ya saba ba. Na taimaka masa da taki da iri a damina ta gaba, na kuma sa ɗalibaina suka sake kafa masa darni, amma hatsin waccan shekarar ya tafi.

Yanzu daga masara ta yi ganye uku muke zagaya gona da sassafe, ni da shi ko da 'ya'yansa, muna juya ganye. Dunƙulen ƙwai da yatsa ake murƙushe shi. Idan ta riga ta shiga ƙoƙo, wasu na zuba toka ko yashi ko ƙasa mai laushi a ciki, wasu ruwan dakakken irin dogon yaro, kuma a ƙaramar gona yana rage ta sosai. Idan feshi ya zama dole, da asuba ne ko da yamma lis, bakin injin a cikin ƙoƙo, a bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, mai feshin a rufe. Shuka da wuri, kuma tare da maƙwabta, yana hana ta samun ɗanyar masara a jere wata bayan wata. Akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, Telenomus remus, da ke zuba nasa ƙwan a cikin nata, an same shi a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar, kuma duk feshin ganganci shi yake fara kashewa.

Abin da har yanzu ban ci nasara a kansa ba shi ne teburin mai sayar da magani a kasuwa. Manomi zai zo ya ce tsutsa ta shiga masa gona, a miƙo masa kwalba, ba wanda ya tambaye shi wace iri ce, ko yaya girmanta, ko a ina take a jikin shukar. Ga kuma masarar rani a fadamu da bakin madatsun ruwa, wadda ke riƙe baƙuwar tun daga kaka har ruwan farko, kuma masu ita da yawa ba sa dubawa sai ganye ya yage. Na fara sa ɗaliban ajin ƙarshe su je gonakin iyayensu su kawo tsutsa a kwalba, kowa ya nuna mini kai da wutsiya kafin ya faɗi sunanta, kuma bana na roƙi masu noman rani na gefen garinmu su bar mu mu riƙa shiga gonakinsu da yaran duk ranar Asabar.