Da Mai Bugun Ƙasa Zai Sami Dukiyar Ƙaruna

Mai duba a Turai kati 78 yake shimfiɗawa, waɗanda ake kira tarot. Takwaransa na Zangon Kumasi kuwa faifan rairayi ne a gabansa, da gidaje 16 na bugun ƙasa. Da za a damƙa wa wannan malami dukiyar Ƙaruna, ba bene zai fara ginawa ba. Denmak zai nufa.

A babban ɗakin karatu na birnin Kofenhegen akwai ɗaurin takardun Larabci da aka kwasa daga sansanin Asante bayan yaƙin Katamanso na 1826. Galibinsu laƙani ne da hatimi, irin na malaman da suka zauna a Kumasi tun Turawa ba su ci garin ba. Zai ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya komo ya bi gidajen Aboabo da Sabon Zango, inda gara ke cin kundin kakanni a cikin adaka.

A nan ne dukiyar za ta gaza. Mai laƙani ba ya kwance kundinsa don kuɗi, sai ga almajirin da ya daɗe yana masa hidima. Wasu malaman kuma, masu ganin duba haramun ne, sun fi son garar ta ƙarasa aikinta.